Makiyayin Ɓeraye

Matarsa ce ta laƙaba masa Makiyayi tun suna ango da amarya, sunan kuma ya bi shi har furfura. In baƙo ya ji ana kiransa haka ya tambayi inda garken yake, shanu ne ko tumaki, sai ta karɓe zancen kafin ya buɗe baki. Ta ce ai garken mijinta ya fi na kowa yawa a garin nan, illa dai ba a tatsarsa, ba a kai shi kasuwa, kuma duk wanda ya tsinci ɗaya a ɗakinsa tsintsiya zai rarumo. Ɓeraye yake kiwo, farare tas masu jajayen idanu, a wata cibiyar bincike da ke bayan babban asibiti. Shi kuma ya rama da kiranta Tela, saboda keken ɗinkin da ta kafa a falonsu, sai dai ramuwar ba ta yi zafi ba, don kowa ma haka yake kiranta.

Shara ce ta kai shi cibiyar yana saurayi. Ana nan mai kula da ɗakin dabbobi ya gaji ya ajiye aiki, aka rasa mai shiga saboda zarni. Shi kuwa mutum ne marar ƙyanƙyami, ga bin doka kamar shi ya kafa ta, sai aka ce ya riƙe na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ne ya cinye ƙuruciyarsa duka. Ɗakin a ƙarƙashin bene yake, ba taga, fitilarsa ita ke kunna kanta da safe ta mutu da yamma don ɓerayen su san dare su san rana. Kejinan roba ne jere a kan kantocin ƙarfe, kowanne da garin katako a shimfiɗe da kwalbar ruwa a kife. Kafin mutum ya shiga sai ya wanke hannu har gwiwa, ya sa riga da hula da takunkumi da safar hannu, ya zura takalminsa a leda. Ruwan shan ɓerayen dafaffe ne, abincinsu da shimfiɗarsu ma sai sun bi ta tukunyar tururi. Makiyayi ya sha mayar da manyan baƙi daga bakin ƙofa don kawai sun yi atishawa, kuma ko a jikinsa.

Tsaftar nan ba iyayi ba ce. A ƙarshen barandar akwai wani ɗaki mai ƙofar dalma, wadda sai an sa mata kafaɗa take motsi. A nan ake haska ɓerayen da wani haske da ido ba ya gani. Su fito garau suna tsalle suna ci, ka rantse ba abin da ya same su, ashe hasken ya riga ya ƙone musu ɓargo, inda jini ke samuwa. Fararen ƙwayoyin jinin da ke gadin jiki su yi ta ƙarewa ba masu maye gurbinsu. Wajen mako na biyu garkuwar jikin ta kai ƙasa, ƙwayar cutar da lafiyayyen ɓera ba zai ko san da zamanta ba sai ta kayar da shi. Dakta, matar da ke shugabantar binciken, takan ce hasken bango kawai yake tsagawa, ƙadangaren da ke shiga wani daga waje yake zuwa, wani kuwa dama can a cikin gidan yake. Makiyayi ya riƙe rabin farko na maganar, don shi ne rabin da sabulu ke iya wa.

Abin da Dakta ke nema shi ne maganin da in aka yi wa ɓera allurarsa kafin a haska shi, zai tsare wani abu na ɓargon, jinin ya farfaɗo da wuri. Rabin ɓerayen a yi musu allurar maganin, rabi kuma ta ruwan gishiri kawai, don a ga bambanci. Ba a gaya wa Makiyayi su wane ne su wane, kada tausayi ya sa hannunsa ya karkata. Amma ɓerayen da kansu suke gaya masa. Wanda ke jin jiki yakan dunƙule a lungu, gashinsa ya yi buzu-buzu, idonsa ya ƙanƙance, ya daina gyara kansa. Ran da Makiyayi ya leƙa ya ga wani ya zauna a kan ƙafafun baya, ya lashi hannuwansa yana shafa fuska daga kunne zuwa hanci, to ya san wannan ya haye. Dakta ta sha ja masa kunne cewa wankin fuska ba hujja ba ne, a jira abin da gwajin jini zai ce. Yakan gyaɗa kai don girmamawa, a ransa kuwa gani ya kori ji.

Da wannan labarin yake dawowa gida, zarni na biye da shi. Tela ta toshe hanci ta tura shi banɗaki da sabulu, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayarsa ko 'ya'yan nasa sun wanke fuska yau. Da safe in tana wanke tata, takan leƙo da kumfa har kunne ta ce ya je ya gaya wa Dakta ita ma ta haye.

Allah bai ba su haihuwa ba. Sun nema, sun gaji, sun haƙura, zaman kuma bai yi tsami ba, abin da ya hana wasu magulmata barci. Gidan nasu ɗaki ne da falo a saman wani tsohon bene, amma bai taɓa zama shiru ba, saboda ƙarar keke da kuma Yaya. Yayar Tela ce, ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mace ce mai jiki da murya, ga wani tsohon tari da ya zauna mata a ƙirji tun tana aiki a masaƙa. Daga can ƙarshen gari take hawo motar haya kusan kullum, ta baje a kujera tana sa wa riguna maɓallai, su biyu suna tsinke mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Tsakaninta da Makiyayi kuwa sai tsokana. Ta ce ta ba da ƙanwarta ga yaron ɓeraye, shi kuma ya ce mace ɗaya ya aura aka haɗo masa da rediyo.

Ciwon ya zo wa Tela a hankali, ta ɓoye shi yadda masu sana'a ke ɓoye ciwo, sai da ta kasa taka keke. Asibiti suka ce ciwon daji ne a mahaifa, za a yi mata gashi da na'ura, a haɗa da magani ta ƙarin ruwa. Ranar farko Makiyayi ya raka ta har inda aka tsayar da shi. Ya dubi ƙofar ɗakin gashin ya gane ta, irin ta ƙarshen barandarsu ce, mai kauri, da alamar gargaɗin nan a jiki. Ta fito tana dariya, ta ce ko cizon sauro bai kai ba, yunwa ma take ji. Yaya ta yi hamdala. Shi bai iya ba, domin ya san wannan fitowar garau ɗin.

Ya yi ta juya abin a ransa har gashin ya yi nisa, sannan ya cire kunya ya tari Dakta a gaban firjin da ake ajiye maganin, ya roƙi a yi wa matarsa allurarsa. Bai taɓa roƙon komai ba a duk zamansa a wurin. Ta jawo masa kujera, ta saurare shi har ya gama. Ta ce maganin nan bai taɓa shiga jikin mutum ba, ba wanda ya san abin da zai yi wa zuciya ko ƙoda, kuma abin da ke kare ɓargo daga haske yana iya kare dajin ma. Ya ce shi ya ji ya gani, ya ɗauki alhakin. Ta ce ba alhakinsa ba ne balle ya ɗauka.

"Kuma Baba, kai ka fi kowa sanin lokacin da ake yin allurar nan," in ji ta a hankali.

Ya sani. Kafin haske ake yin ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya koma ɗakin ɓeraye ya tsaya tsakanin kantoci yana kuka a cikin takunkumi. Abin da ya fahimta shi ne matarsa tana cikin 'yan ruwan gishiri. To amma ko a cikin 'yan ruwan gishiri ya sha ganin ɗaiɗaiku sun haye, in ɗaki ya yi tsafta ba abin da ya shigo musu. Wannan kam aikinsa ne, ba mai koya masa.

Da gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyinta sun yi ƙasa sosai, likitan asibiti ya dakatar da gashin ya ce ta huta a gida. Ta guji cunkoso da masu mura, in zazzaɓi ya zo a kawo ta nan take. Magana ce daidai wa daida, Makiyayi ya ɗauke ta ya ninka. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya sauke labule, ya naɗe kafet, ya kwashe yadudduka, ya lulluɓe keke da leda, ya wanke bango da ruwan magani. Ya ajiye roba da sabulu a bakin ƙofar ɗaki. Ruwa, kofi, cokali, duk sai sun tafasa. Shi kansa ba ya shiga wurinta sai da takunkumi, kwana kuwa a falo yake yi. Maƙwabta da masu kawo ɗinki suka haƙura da gaisuwa daga waje, wasu na ce masa sannu da ƙoƙari, wasu na taɓe baki in sun juya.

Saura Yaya. Ta hawo matakala tana haki tana tari, ta tarar da shi ya cika ƙofa. Da farko ta ɗauka tsokanar da suka saba ce, har ta ɗaga jaka za ta maka masa. Sai ta ga fuskarsa.

"Makiyayi, ni za ka hana ganin yarinyar da na goya?"

"Tarin nan naki ne, Yaya. Ki yi min haƙuri jininta ya hau. Kwana kaɗan ne."

Ta ce tarin ya girmi aurensu kuma bai taɓa kama kowa ba. Ta ce a ba ta takunkumin, a ba ta ledar, ko a buhu ne a sa ta in dai za ta ga ƙanwarta. Ya ce a'a. Maganar gaskiya, da ya bar ta ta shiga da takunkumi ba likitan da zai ce ya yi laifi. Amma mutumin da ya tsufa yana mayar da manya saboda atishawa bai san rabin doka ba, sabo kuwa turken wawa ne. Ta wanke shi tas, har maƙwabta suka leƙo, sannan ta zauna a kan matakala ta yi kukanta.

Washegari ta dawo, jibi ma haka. Kullum ta ratso gari ta zauna a matakalar nan da jakarta a cinya. Shi kuma ya ɗan buɗe ƙofar falo, ta ɗaga murya tana ba da labarin unguwarsu, Tela na amsawa daga ɗaki, amsar tana ƙara gajarta. Yakan miƙa wa Yaya shayi, ta kau da kai, ya ajiye a gefenta ya huce.

Tela ta roƙe shi, ta yi fushi, ta juya masa baya. Ta ce masa ita fa ba ɓeransa ba ce. Ya ce ya sani, ai ɓera in ya mutu ana kawo wani. Yana gani ta dunƙule ta fuskanci bango, ta daina neman madubi, abinci sai da lallashi. Duk alamun nan ya san su, kuma tsoro ya hana shi sakat. Ya rame, idonsa ya faɗa, hannunsa ya tsattsage saboda sabulu. Abu ɗaya yake jira.

Wata safiya ya shigo da kofin ruwan ɗumi ya tarar ta tashi zaune da kanta, ta jingina da bango. Ta ce ya kawo mata ruwa a roba da sabulu. Ta wanke fuska a hankali, daga kunne zuwa hanci, tana satar kallonsa. Ta nemi mataji da madubi, ta shafa mai, ta shafa hoda. Ta ce ya ciro mata shuɗiyar rigar nan ta ƙasan akwati. Sa rigar kawai ya ɗauke ta lokaci, ta gama tana numfashi sama-sama, gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"To Makiyayi, ka gani da idonka. Na haye. Buɗe wa Yaya."

Farin ciki ya kusa kayar da shi. Ya durƙusa a gaban gadon yana godiya ga Allah, hawaye na jiƙa takunkumin. Daidai nan kuma ya yi kuskuren da ba mai yin sa sai shi. A ɗakinsa na aiki, ɓeran da ya fara wankin fuska shi ake ƙara tsarewa, don jinin ya kama hanya amma bai isa ba, ba lokacin sakaci da ƙofa ba ne. Da ce masa ta yi mutuwa za ta yi, wallahi da ya buɗe. Amma ta ce ta haye, wanda ya haye kuwa yana da gobe. Ya roƙe ta ta ƙara haƙuri zuwa gwajin jinin jibi, in ya yi kyau shi da kansa zai goyo Yaya daga matakala ya dire ta a gaban gadon.

Ta dube shi. Sannan ta yi ɗan murmushi ta ce shi dai ba shi da dama, ta zame ta kwanta da rigar a jikinta.

Ya fita da ɗokinsa ya gaya wa Yaya jiki ya yi sauƙi, jibi za ta shiga. Ta dubi fuskarsa, ta ga murnar ba ta ƙarya ba ce, ta yarda. Ranar ce ta fara shan shayinsa. Ta ɗaga murya ta yi wa ƙanwarta sallama, ba ta ji amsa ba, ya ce barci ne. Ta tafi gida da wuri don ta hutar da ƙafafunta.

Da rana ta karkata sanyi ya kama Tela, haƙoranta na kaɗawa, jikin kuwa zafi rau. Ya goye ta ya sauka da ita, ya tsallake kofin shayin da ke kan matakala, ya tare tasi. A asibiti aka shige da ita wani keɓantaccen ɗaki. Ya bi bayan gadon, nas ta sa hannu ta tare shi, ta ce ba a shiga, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, doka ce. Ya koma kan benci ya zauna. Kafin Yaya ta sake ratso garin cikin cunkoson yamma, Tela ta daina gane kowa. Su biyu suka zauna a bencin nan, kowa a ƙarshensa, kuma kafin gari ya waye ta cika.

Likita ya yi musu bayani cikin tausasawa. Ya ce ƙwayar cutar daga hanjinta ta shiga jini, haka takan faru in garkuwa ta faɗi, ba daga tarin kowa ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Yana ganin kamar lallashinsu yake yi. Nas ta kawo kayan da aka cire mata a cikin leda, Yaya ta karɓa, ta jawo shuɗiyar rigar. Ita ta sayo yadin da daɗewa, ta yi ta ƙorafin cewa Tela ta ɗinka ta ɓoye ba ta taɓa sawa ta gani ba.

"Wannan ta sa?"

Ya ce e, jiya da safe, har da mai da hoda.

"Ni ta yi wa kwalliyar," in ji Yaya. "Ba ta so in gan ta a yamutse."

Sai a sannan ya gane. Ba hayewa ta yi ba, ta san jikinta. Ragowar ƙarfinta ta tattara ta nuna masa alamar da ta san ita kaɗai yake yarda da ita, don ya buɗe ƙofa. Ya kuwa yarda, yardar ce ta sa ya ƙara rufewa. Baƙin cikin da ya ji a bencin nan ya fi na mutuwar kanta, don mutuwa ta Allah ce, ƙofar kuwa tasa.

Ya koma aiki, don bai san wani wurin zuwa ba. Dokar ɗakin ɓeraye bai sassauta ta ba, ɓerayen ba su yi masa laifin komai ba, kuma su tana musu amfani. Dakta ta ci gaba da bincikenta, wani zubin maganin ya taimaka, wani zubin a koma farko. Abin da ya canza shi ne ya daina kawo mata labarin wankin fuska. In ya ga ɓera ya zauna ya lashi hannu, sai ya matsa keji na gaba. Ta lura, ba ta tambaye shi ba.

Yaya ba ta sake hawo matakalar ba, shi ma bai da idon zuwa. Keken ɗinkin na nan a falo cikin ledarsa, kullum ya shigo da shi yake fara cin karo. Sai da aka kwana biyu sannan wata ranar hutu ya kwance kan keken daga teburinsa, ya rungumo shi, ya hau motar hayar da Yaya ta yi ta hawa. Bai taɓa sanin tafiyar na da nisa haka ba, ga tsayuwa, ga turereniya, ga tudun da ake hawa da ƙafa bayan an sauka. Ya isa ƙofarta hannuwansa sun sage, ya tsaya ya kasa yin sallama. Tarinta ya fara ji, sannan ƙofar ta buɗe. Ta rame, rigar jikinta ta yi mata yawa. Ta dube shi, ta dubi keken. Ya ce kawo mata ya yi, ita ta fi cancanta da shi, zai ajiye a nan bakin ƙofa ya juya.

Yaya ta matsa gefe ta ba shi hanya.

"Shigo," ta ce. "Nan ba sai ka wanke hannu ba."